Yadda Ake Zaɓa da Gane Ajin Garin Kauri Kafin a Haɗa Jel na Shafawa

Ranar da na fara haɗa jel na fuska ban kauce wa ma'aunin da aka ba ni ko da ɗigo ba, amma abin da ya fito bai yi kama da wanda na gani a hoto ba. Ya yi dusu-dusu kamar ruwan wanki, idan na ɗaga cokali sai ya biyo shi da zare kamar majina, kuma da ya bushe a fata na murza sai ya riƙa fita kamar dauɗa. Na zargi ruwa, na zargi hannuna, na sake haɗawa har sau uku. Sai daga baya na gane cewa garin kaurin da na saya, mai suna zantan, da wanda mai ma'aunin ta yi aiki da shi suna kawai suka haɗa. Kowane garin kauri yana da aji-aji, kuma ajin ne ke yanke yadda jel zai fito a ido da yadda zai kwanta a fata. Tun daga lokacin ba na zuba sabon gari a cikin haɗi sai na gwada shi a kwalba tukuna. Hanyar gwajin ce zan nuna miki.

Kayan aiki

- Sikeli mai auna har 0.01 na giram. Idan naki giram ɗaya-ɗaya yake aunawa, ki ninka gwajin sau biyar, wato giram 5 na gari a cikin haɗi mai giram 500, don kuskuren awo ya ragu. Kada ki auna da cokali, domin wani garin sakayau ne, wani kuma mai nauyi.
- Kwalabe masu haske da murfi, huɗu ko biyar, kowace ta ɗauki kamar mililita 150.
- Ruwan distil. Idan babu, tafasasshen ruwa da ya huce zai yi don gwaji kawai, amma ki sani ma'adinan da ke cikinsa na iya rage wa wasu garuruwan ƙarfi.
- Giliserin.
- Ƙaramin injin kaɗawa na hannu, ko maburgin ƙarfe.
- Takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami.
- Gishiri, sitirik asid, ruwan aidin, ɗan man laushin gashi irin wanda ake shafawa bayan wanke kai, da boras idan ya samu.
- Maganin hana ruɓewa na kayan shafa.
- Sifirit mai ƙarfin kashi 70 don goge kwalabe da cokula.
- Takunkumi, takarda mai ƙananan rubutu, littafi da biro.

1. Ki fara sanin jel ɗin me za ki yi

Kafin ki taɓa leda, ki amsa wa kanki tambayoyi huɗu. Jel ɗin sai ya fito garau kamar gilashi, ko ba komai in ya yi dusu-dusu? Za ki sa masa abu mai gishiri-gishiri, kamar ruwan alobera ko ruwan ganyayyaki? Zai haɗu da sinadarin laushin gashi? Akwai sifirit mai yawa a ciki?

Amsoshin nan su ke rage miki zaɓi. Alobera na karya kabomar, wani garin kauri da zan bayyana a mataki na 2. Sinadarin laushin gashi yana faɗa da zantan, saboda cajin lantarkin da ke jikinsu kishiyoyi ne, suna haɗuwa sai su dunƙule. Sifirit mai yawa yana sa zantan ya ware daga ruwa, har ma da sifirit ake tsamo shi a masana'anta, don haka bai dace da jel na tsabtace hannu ba.

2. Ki karanta leda, sannan ki nemi takardar gwajin kamfani

A jikin leda ki nemi cikakken sunan da aka san garin da shi a duniya. "Garin jel" ko "mai kauri" ba suna ba ne. Ga waɗanda aka fi samu:

Zantan, wanda ake rubutawa "Xanthan Gum", lambarsa E415. Wata ƙwayar bakteriya mai suna Xanthomonas campestris ce ke samar da shi idan an ciyar da ita sukari. A ɗakin binciken ma'aikatar gona ta Amurka aka gano shi, a ƙarƙashin wata masaniya mai suna Allene Jeanes, kuma kamfanin Kelco ya fara fitar da shi kasuwa a shekarun 1960. Shi ne wanda ajinsa ya fi rikita mai koyo, don haka zan tsaya a kansa.

Akwai na gama-gari, wanda yawanci shi ne ake sayarwa a matsayin na abinci. Yana yin kauri sosai, amma jel ɗinsa dusu-dusu ne saboda ragowar ƙwayoyin bakteriyar da ba a tace ba, kuma yana da yauƙi. Akwai mai haske, wanda za ki ga an ƙara masa "Clear" ko "Transparent", an tace shi har jel ɗinsa na fitowa garau. Akwai mai laushi, "Soft", wanda aka rage wa yauƙi, yana gudana sumul, amma kaurinsa bai kai na gama-gari ba, sai an ɗan ƙara awo. Wasu kamfanoni da haruffa suke nunawa: a jerin zantan mai sunan kasuwa Keltrol, CG-T shi ne mai haske, CG-SFT kuma mai haske ne mai laushi. Sai kuma na masana'antu, wanda ake amfani da shi wajen haƙar rijiyar mai da haɗa fenti. Wannan ko kyauta aka ba ki kada ya taɓa fata, don ba a tsabtace shi da niyyar jikin mutum ba.

Za ki kuma ga an rubuta 80 ko 200 tare da kalmar "mesh". Wannan lambar rariyar da aka tankaɗe garin ce. Mai 80 yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, ƙwayarsa kusan maikiron 180 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ba ya saurin yin gudaji amma yana ɗaukar lokaci kafin ya jiƙa. Mai 200 laushi ne lilis, kusan maikiron 75, yana jiƙa nan take, yana kuma yin gudaji nan take idan aka yi sakaci. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka mai 200 shi ne mai haske. Laushin gari daban, hasken jel daban, lambar rariya ba ta faɗin komai a kan haske.

Guwa, "Guar Gum", E412, daga ƙwayar wani wake ake niƙa shi, Indiya ce ta fi noma shi. Yana kauri a ruwan sanyi, dusu-dusu ne, kuma yana saurin lalacewa in ba a kiyaye ba. Yana da ɗan'uwa da aka sarrafa don gashi, mai dogon suna "Guar Hydroxypropyltrimonium Chloride". Kada ki haɗa su a rai, aikinsu ba ɗaya ba ne. Na gashin ana sa shi kaɗan ne, 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari, don santsi da sauƙin taje kai.

HEC, wato "Hydroxyethylcellulose", daga seluloz na itace ko auduga ake yin sa. Jel ɗinsa garau ne, ba shi da caji, don haka yana zama lafiya da sinadarin laushin gashi. Haruffan da ke bin sunansa na da ma'ana: L mara kauri sosai, M matsakaici, H mai kauri, HH mai kauri ƙwarai. Idan akwai R a ƙarshe, an yi masa rufi ne don ya jinkirta jiƙa, ya samu ya watsu a ruwa kafin ya fara kumbura.

Kabomar, "Carbomer", ba daga tsiro yake ba, haɗin masana'anta ne, amma babu mai ba da jel mai tsayuwa da haske kamarsa. Lambobinsa 940 da 980 suna ba da kauri mai tsayawa cak, 941 da 981 kuma mai gudana. Ni 980 nake zaɓa, domin tsohuwar hanyar yin 940 da benzin, wani sinadari mai cutar da jiki, ake bi, shi kuwa 980 an canza masa sinadarin.

Ƙaro, "Acacia Senegal Gum", E414, mutane da yawa na saye da zaton zai yi kauri. Ba ya yi. Ko kin zuba kashi 10 cikin ɗari zai ci gaba da gudana. Amfaninsa shi ne yin siririn rufi a fata da gyara santsin zantan, shi ya sa ake sayar da haɗinsu kamar Solagum AX. Akwai kuma karajinan, mai aji uku: kafa mai daskarewa da tauri, ayota mai daskarewa da taushi, lamda mai kauri ba daskarewa. Biyun farko sai da ruwan zafi kusan digiri 80.

Duk mai sayarwa na kirki yana da takardar gwajin kamfani ta wannan buhun, ana ce mata COA. Ki nema. A ta zantan ki duba layin kauri, wanda aka saba gani tsakanin 1200 da 1600 na ma'aunin cP a ruwa mai kashi 1, da layin yawan ƙwayoyin cuta, da ranar ƙarewar aiki. Idan mai haske ne da gaske za a sa layin da ke nuna yawan hasken da ke ratsa shi. In mai kaya ya ce babu takarda, ki sayi kaɗan kawai, sauran aikin gwajinki zai yi.

3. Ki duba garin a bushe

Ki sa takunkumi, ki zuba ɗan kaɗan a farar takarda. Zantan fari ne mai ɗan ratsin ruwan madara. Guwa ya fi shi rawaya-rawaya, kuma in kin sunsuna za ki ji ɗan warin ɗanyen wake. Kabomar fari ne fat, sakayau, yana tashi da ƙaramar iska, yana manne wa cokali da bakin leda. HEC ya fi kama da yashi mai laushi, yana zubowa ba ya tashi. Garin da ya dunƙule ya yi tauri ya sha danshi, zai iya yin aiki amma awonsa ba zai zo daidai ba. Mai warin ruma kuwa a zubar.

Ido kaɗai ba zai raba miki zantan mai haske da na gama-gari ba. A bushe kusan kamarsu ɗaya.

4. Ki haɗa kwalbar gwaji ta kashi 1

Ki goge kwalba da sifirit, ta bushe. Ki auna giram 4 na giliserin a ciki, ki zuba giram 1 na gari a kai, ki juya har ya zama kamar ruwan fenti, babu ɗigon busasshen gari ko ɗaya. Wannan matakin shi ne maganin gudaji. Idan aka watsa gari kai tsaye a ruwa, bayan kowane dunƙule na jiƙa ya yi rufi, cikin ya zauna a bushe, sai ki ga ƙananan ƙwallaye masu farin ido suna yawo. Giliserin yana raba ƙwayoyin garin kafin ruwa ya same su. Idan babu giliserin, ki barbaɗa garin kaɗan-kaɗan a gefen ramin da injin kaɗawa ke yi a tsakiyar ruwa, da haƙuri.

Sai ki zuba giram 95 na ruwa a lokaci guda kina kaɗawa, ki ci gaba minti uku zuwa biyar. Kada ki bar haɗin giliserin ya daɗe a ajiye kafin ruwa, yakan kwanta a ƙasa. Ki rufe, ki rubuta sunan gari da sa'a a jikin kwalbar, ki ajiye zuwa gobe. Yanke hukunci a minti goma na farko kuskure ne, domin guwa da zantan mai 80 suna ci gaba da kauri har awanni.

Biyu ne ba sa bin wannan tsari. HEC mai R zai kwanta kamar bai san da ruwa ba, sai kin ɗumama ruwan zuwa kamar digiri 60 ko 70 kina juyawa har ya fara kauri, in kin daina juyawa da wuri zai daskare a gindin kwalba. Kabomar kuma a kashi 0.5 ake gwada shi, a barbaɗa a saman ruwa a bar shi ya jiƙa da kansa, kuma ba zai zama jel ba sai an kashe masa tsami kamar yadda zan nuna a mataki na 6.

Idan garuruwa biyu ko uku gare ki, ki haɗa su rana ɗaya ki jera. Bambancin da ba ya fitowa a kwalba ɗaya yana fitowa ƙarara idan suna gefen juna.

5. Gwajin ido da na yatsa

Washegari ki ɗora kwalbar a kan takarda mai ƙananan rubutu, ki leƙa ta sama. Idan kina karanta rubutun ba wahala, mai haske ne. Idan kina ganin layuka amma haruffa sun dushe, na gama-gari ne ko guwa. Kada kumfa ta ruɗe ki, ki duba tsakanin kumfar.

Ita kanta kumfar shaida ce. A cikin zantan za ki tarar da ƙananan kumfa sun tsaya cak a tsakiyar jel inda kika bar su jiya, ba su hau ba, ba su sauka ba. A cikin HEC sun haye sama sun fashe, jel ya zama wasai. Wannan na nuna miki abu mai amfani: zantan na iya riƙe ƙyalli ko ƙwayoyin goge fata su tsaya a tsakiya, HEC ba ya iyawa komai kaurinsa.

Sai ki ɗebi ɗigo tsakanin babban yatsa da manuniya, ki buɗe a hankali. Na gama-gari zai ja dogon zare kafin ya tsinke. Mai laushi zai tsinke da wuri. Kabomar ba ya jan zare ko kaɗan. Ki shafa a bayan hannu, ki jira minti biyar, ki murza. Idan ya yi danƙo ko ya fita kamar dauɗa, ki rubuta, domin haka zai yi a fuska, musamman in an ɗora hoda a kai. Wannan ba ya nufin garin ba shi da kyau, sau da yawa kashi 1 ne ya yi masa yawa, a 0.5 sai ya daina.

6. Gwajin tabbatarwa, idan kina shakkar abin da ke cikin ledar

Ki raba jel ɗin a ƙananan kofuna, kowanne cokali biyu.

A na farko ki sa ɗan gishiri ki juya. Zantan, guwa da HEC ba za su damu ba. Kabomar da ya riga ya yi kauri zai narke ya koma ruwa a gaban idonki.

A na biyu ki ɗiga aidin. Idan ya koma shuɗi mai duhu kusan baƙi, an cakuɗa garin da sitaci. Na taɓa sayen wani da aka ce mini zantan ne zalla, kashi 1 ɗinsa ya ƙi kauri, ɗigon aidin ɗaya ya tona asirin.

A na uku ki sa ɗan man laushin gashi da aka tsinka da ruwa. Zantan yakan yi fararen zare-zare ko ya dunƙule, HEC da guwa su haɗe lafiya.

A na huɗu ki ɗiga ruwan boras. Guwa zai koma kamar roba mai talewa, zantan ba zai canza sosai ba. Wannan kofin zubarwa ake yi, ba a shafawa.

Idan kuwa ruwan bai yi kauri ba sam, ki tsoma takardar pH. In ta nuna kusan 3, kuma ruwan ya yi fari-fari, kabomar ne da ba a kashe wa tsami ba. Ki narka giram 1 na kostik soda a giram 9 na ruwa, da safar hannu da tabarau, sodar ake zubawa a ruwa ba ruwa a soda ba. Ki riƙa ɗigawa kina juyawa. Wajen pH 6 zuwa 7 zai rikiɗe ya zama jel garau lokaci guda. In da TEA za ki yi, wato "Triethanolamine", wani sinadarin kashe tsami, kusan giram 1.5 ne ga kowane giram na kabomar. In kuma pH bai yi ƙasa haka ba, ruwan na nan tsululu kuma garin ya narke tas, to ƙaro ne ko HEC mai L.

7. Ki zaɓa, ko ki gauraya

Don ruwan shafa na fuska mai ɗan kauri, zantan mai haske ko mai laushi a 0.2 zuwa 0.5 ya isa. Don jel mai tsayawa, 0.8 zuwa 1.2. Na gama-gari ban raina shi ba: a cikin man shafawa ko sabulun ruwa mai launi, inda haske ba shi da amfani, 0.2 zuwa 0.3 na yin aiki daidai da mai tsada. Jel na gashi da zai haɗu da sinadarin laushi, HEC mai H ko HH a kashi 1 zuwa 1.5. Jel mai kama da gilashi wanda babu gishiri a cikinsa, kabomar.

Idan na gama-gari kaɗai gare ki kuma yauƙinsa ya dame ki, ki rage shi ki cike da wani. Rabi zantan rabi HEC yana rage zaren sosai. Zantan da guwa kuwa suna ƙara wa juna ƙarfi, haɗinsu ya fi kaurin kowanne shi kaɗai, don haka ki rage jimillar awon. Abin da ba shi yiwuwa shi ne mayar da mai dusu-dusu ya zama garau. Tacewa da ƙyalle ko ƙara zafi ba sa yi, na gwada duka.

8. Haɗin farko na gaske, giram 100

Giliserin giram 4, zantan mai haske giram 0.8, ruwan distil giram 94.2, maganin hana ruɓewa mai finoksiyetanol giram 1. Ki bi tsarin mataki na 4, ki sa maganin bayan jel ya haɗu, ki juya sosai. Kada finoksiyetanol ya wuce kashi 1, iyakar da dokar Tarayyar Turai ta sa ke nan. Wani lokaci maganin kan ɗan dusashe jel, don haka in haske ya ragu a wannan gaɓar, ba laifin garin ba ne.

Ki auna pH, ki kai shi 5 zuwa 5.5 da ɗigon ruwan sitirik asid. Idan maganinki mai sodiyom benzowet da fotasiyom sobet ne, sai pH ya sauka zuwa 5 ko ƙasa kaɗan kafin ya yi aiki. Kada ki tsallake maganin nan da sunan kina son abu na asali. Ruwa da garin tsiro abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma suna fara yawa tun kafin wari ko launi ya canza. Kwalaben gwaji da ba su da magani ki zubar da su bayan kwana biyu.

Ki ɗebi kaɗan a kwalabe biyu, ɗaya a wuri mai ɗumi, ɗaya a firiji, ki riƙa dubawa har mako huɗu: ko ruwa ya ware a sama, ko kauri ya ragu, ko wari ya canza. Kafin ki shafa a fuska ki gwada a cikin gwiwar hannu ki kwana da shi.

Ragowar garin ki juye a kwalba mai murfi mai kamawa, ki rubuta suna, aji, lambar rariya da lambar buhu a jiki, ki ajiye nesa da tururi. Idan ya ƙare kin sayo sabo, ko daga hannun mutum ɗaya ne kuma leda iri ɗaya, ki sake haɗa kwalbar kashi 1 ki ɗora ta a kan takardar rubutun nan, ki gwada da abin da kika rubuta a littafi game da na baya.